Shekarar da Aka Raba Maganin Ubanku

Na san abin da ake gaya muku a gidan Yaya Sahabi. Wai ni na tona asirin gida gaban ma'aikacin gwamnati, ni na jawo ubanku ya kurumce, ni na bar Bawa ya mutu a tsallaken ruwa babu ko ƙwaya ɗaya a bakinsa. Shekara da shekaru ina ji ina haɗiyewa, don ubanku yana da rai, ba na son a ce matarsa na cacar baki da danginsa. Yanzu ya kwanta dama, ni ma gwiwa ta fara ƙin tashi, to ku ji daga bakin mai ita. Ba roƙon gafara na zo yi ba. Inda na yi laifi zan faɗa da kaina, kuma ba wanda suke faɗa ba ne.

Su uku ne a wurin ubansu: Yaya Sahabi babba, sai ubanku, sai Bawa auta. Sun tashi a kan dokar tsohon, cewa abin da taru ya kamo na mutum uku ne, ko da mutum ɗaya ne ya jiƙe. Bawa ya auri Badendiya, ɗiyar Dendawan tsallake, ya zauna a tungar surukansa, can ɓangaren Benin, wanda tsofaffinmu har yau Dahome suke kira. Mu a wurinmu ba wata ƙasa ba ce, tuƙin hantsi ne a kwalekwale. Tsakanin ubanku da Bawa kuwa sai Allah. In aka ba ubanku goro ɗaya, ɓarawa yake yi ya ci ɓari, ya ƙulle ɓari a bakin riga har ran da Bawa zai ƙetaro. Sau nawa ina wanki ina tsintar busasshen goro ina tsaki! Ni da Bawa kuma wasa ne tsakaninmu irin na mace da ƙanen miji. Tun daga bakin ruwa zai fara kirana matata, ni kuma in ce wace mace ce za ta yarda da miji mai ƙafa kamar ta zalɓe.

Tarin ya fara wa ubanku ne da ruwa ya soma cika. Muka ce sanyin ruwa ne. Wasu suka ce hayaƙin bandar kifina ne, tunda duk abin da ya lalace a gida ba ya rasa hannun mace a ciki. Aka sha saiwa, aka sha sassaƙe, aka sha rubutu, mutum sai zubewa yake yi, riga tana yi masa yawa. Sai da ya tofar da jini a cikin jirgi sannan ya yarda muka je ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Suka karɓi kakinsa suka duba a madubinsu, suka ce tarin fuka ne. Suka auna nauyinsa, suka ce ƙwaya huɗu kowace safiya kafin ya sa komai a baki, wata shida ba fashi, kuma kyauta. Da yake tungarmu da nisa, na mako biyu-biyu suke ƙulla masa.

Bai yi kwana goma da farawa ba Bawa ya zo dubiya. Yana zaune yana tsokanata sai tari ya turnuƙe shi, irin na ubanku sak, har da riƙe haƙarƙari. Na ce, Bawa, gobe sai asibiti. Ya ce Allah ya kiyashe shi. Shi ba shi da takardar nan, ba shi da ta can, kuma duk inda aka rubuta sunan mutum, wata rana da sunan za a zo a kama shi. Washegari da safe na kawo wa ubanku ruwa, na ga ya ɓallo huɗu, ya haɗiye biyu, ya zuba biyu a leda.

Na ce, “Malam, huɗu anka ce.”

Ya ce, “Kulu, ɗan'uwa rabin jiki na. In sha magani, rabin jikina shina can shina ruɓewa?”

Na yi shiru. Ga laifina nan, ku riƙe shi da kyau. Ban tsaya ga shiru ba ma. Ni ce nake tura ƙwayoyin cikin bandararriyar tarwaɗa, in sa ta can ƙasan kwando, don kada masu binciken bakin ruwa su gani. Wata shida ina wannan aiki da hannuna, ina jin kaina mace mai zumunci. Wallahi har alfahari na yi da ubanku a lokacin, na ce samun namiji mai son ɗan'uwa irinsa sai an tona. Kuma duka biyun suka ji sauƙi, tari ya lafa, suka koma ruwa. Da aka ce ya dawo a sake duba kakinsa a ƙarshe, ya ce kifi na gudu, ba shi da ranar ɓatawa.

Damina ɗaya muka samu. Kafin a yanke shinkafa ciwo ya dawo, kuma wannan karon da fushi ya dawo. Ubanku ya kai ba ya iya ɗaga filafili, in ya yi taku goma sai ya dafa bango. Labari ya zo Bawa ma yana kwance. Yaya Sahabi ya tara mu a zaure, ya yanke shawara shi kaɗai kamar yadda ya saba. Ba za a koma asibitin farko ba, don sun san fuska. Asibitin garin Bagudo za a je, a ce bai taɓa shan komai ba, a karɓo sabon na wata shida, a sake rabawa da Bawa. In aka kuskura aka ce maganin gwamnati ya ƙetare iyaka, to an shiga uku: fasa-ƙwauri za a kira shi, a ƙwace jirgi, a ɗaure mutum.

Ya ce, “Mu ɗiyan bakin iyaka na. In mai biro ya tambaye ka, ba ka sani ba, ba ka gani ba, ba ka wurin. Da haka ubanninmu sunka zauna lahiya.”

Sannan ya juyo gare ni.

“Ke kuwa, Kulu, riƙon buta da tabarma za a tahi da ke. Naki ido.”

Kada ku ɗauka Yaya Sahabi mugu ne. Abin da ya sani ya faɗa. Mutumin da aka taɓa ƙwace wa buhun shinkafar da ya noma da hannunsa don kawai ta bi ta ruwa, ba ka ce masa ya amince da mai biro. Ni ma da wannan tsoron aka raine ni. Na ce to, na ɗauki buta.

A mota ubanku ya yi tari ya ɓata mini gefen zane da jini. Na naɗe wurin na riƙe a hannu har muka isa. Wanda ya karɓe mu wani malamin asibiti ne, Malam Lawali, ɗan siriri, da takunkumi a hanci, ba shi da yawan fara'a. Ya zaunar da mu a ƙarƙashin rumfa inda iska ke kaɗawa, ya buɗe littafi, ya tambayi suna da gari. Sannan ya zo kan tambayar.

“Ya taɓa shan maganin tarin fuka?”

Yaya Sahabi ya ce, “Ko kusa. Wanga ne na farko.”

Malam Lawali ya ɗaga kai ya dubi ubanku, ya daɗe yana dubansa. Ya ajiye biro. Ya ce zai faɗa mana abin da ya sa yake tambaya, in ya so mu amsa yadda muka ga dama. Madubin da suke da shi yana ganin ƙwayar cutar, amma ba ya sanin halinta. Akwai irin da ke jin magani, akwai irin da ya daina ji, kuma a ido duk ɗaya suke. Na'urar da ke bambance su tana Birnin Kebbi, ba ta isa kowa ba a lokacin, don haka kakin wanda ya taɓa shan magani kaɗai ake aika mata. In muka ce sabo ne, maganin farko zai ba shi. In kuwa cutar ta riga ta san wannan maganin, to daidai yake da a ba shi tsabar gero ya haɗiya wata shida.

Ya sake tambaya. Yaya Sahabi ya sake cewa a'a, har da rantsuwa. Ubanku ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Malam Lawali ya ɗauki biro. Ni ban iya boko sosai ba a lokacin, amma na san in wannan biron ya sauka, mijina ya tafi. Ina jin danshin jininsa a tafina. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata ban yi ba, sai na ji muryata ta fita.

“Ya sha.”

Yaya Sahabi ya juyo kamar an watsa masa ruwan zafi.

“Mi kika ce?”

“Na ce ya sha. Wata shida. Jajaye, masu sa fitsari ja. Huɗu anka ce, biyu ya riƙa sha, biyu na ƙanensa a tsallake. Ni nika ɓoye su cikin kifi. In ɗauri za a yi, da ni za a fara.”

Tunda na fara sai na ƙarasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaya Sahabi ya miƙe ya kaɗe riga ya ce, “Kulu, kin yanka mu,” ya fita ya tsaya a rana. Ina jira in ga an kira 'yan sanda. Malam Lawali sai ya jawo wata 'yar kwalba mai murfi ya miƙa wa ubanku.

Ya ce, “Inna, ni ba ni da ankwa, kwalba gare ni. Da kin yi shiru, da na taya ku kashe shi ban sani ba.”

Ya tambaye ni ko na san kifin da ƙugiya ta yaga wa baki ya kuɓuce. Na ce wa zai gaya wa ɗiyar Sarkawa masunta? Wannan ko me ka sa masa ba ya ƙara kamawa. Ya ce to haka rabin magani yake yi wa cutar, ba ya kashe ta, wayo yake koya mata. Kuma wanda ta kama daga bakin mai irin wannan, da wayonta za ta shige shi. Ya ce ba mu kaɗai ba ne. Duk bakin ruwan nan, daga ɓangarenmu har tsallake, wani zai fara magani a nan ya bi kifi can ya bari, wani ya fara can ya dawo nan da sabon suna, makiyayi ya fara ya bi shanu. Na ce suna da yawa? Ya ce ina zai sani, tunda kowa ya zo gabansa sai ya ce wannan ne na farko.

Muka koma gida. Daga ranar akushin da na aika zauren Yaya Sahabi yadda ya tafi haka yake dawowa, ko murfi ba a ɗaga ba. Ubanku bai zage ni ba, da ma ya zaga da ya fi mini sauƙi. Juya mini baya kawai ya yi. Bayan 'yan kwanaki sakamako ya fito: irin da ba ya jin magani ne. Sai ga ma'aikata sun sauka a tunga da rana tsaka, kowa da takunkumi, suna raba kwalabe gida-gida ga duk mai tari da duk wanda ya kwana ɗaki ɗaya da shi. Ku ƙananan kun tuna wannan, ke Luba har kuka kika yi kika ƙi tofawa. Allah ya sa ba a samu kowa a cikinku da shi ba. Amma gari ya gani. Matan da ke sayen bandata suka koma wurin wasu, a bakin ruwa in na ajiye tulu sai a janye nasu. Oho dai! Wadda ta riga ta jiƙe ba ta tsoron yayyafi.

Aka ce sai an kwantar da ubanku a wani asibiti na masu irin wannan ciwo, a wata jiha, tafiyar yini guda a mota. Allura kullum wata da watanni, ƙwayoyi cike da tafi, bayan ya dawo kuma ya ci gaba da sha fiye da shekara. Sun faɗa mana tun farko cewa allurar takan taɓa kunne. Ya sa hannu, aka tafi da shi.

Saura Bawa. Wannan shi ne wurin da ba a gaya muku, to ku saurara. Malam Lawali ya rubuta takarda zuwa ga ma'aikatan lafiya na can ɓangaren, ya ce su ma suna da hanyar gwaji, kuma ba za su tambayi Bawa takardar ƙasa kafin su karɓi kakinsa ba. Na kai wa Yaya Sahabi, ya ce shi ba zai ɗauki takardar da za ta kai ƙanensa hannun hukuma ba, ubanku da na kai ya isa. Na nemi wanda zai tuƙa ni a cikin mazan tunga, kowa ya ce jirginsa na yoyo. To, ni a jirgi aka haife ni. Na ɗaura ɗamara, na kwance kwalekwalen ubanku, na tuƙa kaina, mata na tsaye a gaɓa suna riƙe baki.

Na tarar da Bawa kwance a rumfa, ya zama ƙashi da fata. Bai ce matata ba. Ya dubi hannuna, ya ga babu kwando.

Ya ce, “Ina rabona?”

Na ce, “Babu rabo, Bawa. Rabon nan shi ya kai ku ga haka. Ga takarda, tashi in kai ka, jirgi na bakin ruwa.”

Ya ce, “Kin raba ni da ɗan'uwana, kin hana ni magani, kin kawo mini takarda in ci?”

Na durƙusa masa, ni da nake matar yayansa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce masa matsoraci, na ce ɗiyanka fa, su ma kana so ka shafa musu? Matarsa Hamsatu tana gefe tana hawaye, tana ba shi baki da Dendanci. Ya karɓi takardar ya tura ƙarƙashin tabarma, ya juya fuska ga zana. Sau uku ina ƙetare ruwan nan a kansa. A na ukun ya ce wa Hamsatu kada a ba ni ko ruwan sha. Ya rasu ubanku yana wata na huɗu a asibiti. Da aka naɗe tabarmarsa, takardar tana nan inda ya sa ta. Na yi kukan Bawa fiye da waɗanda suka hana ni zama a wurin makokinsa, kuma har gobe ina jin zafinsa. Amma ban kashe shi ba.

Ba a gaya wa ubanku ba. Yaya Sahabi ya hana, kuma ko an so ma babu hanya, don tun kafin nan in muka yi waya sai ya riƙa cewa, Kulu, ɗaga murya, Kulu, wayar nan ta lalace. Ba wayar ba ce. Na ji an ce yanzu an daina wannan allurar, ƙwayoyi kaɗai ake ba mutane, kuma na'urar ta yawaita, ba sai an tsaya tambayar wa ya taɓa sha ba. Alhamdu lillahi, amma mu ta riga ta ci namu.

Ran da ubanku ya dawo, da hantsi, duk tunga ta fito bakin ruwa. Ya sauko daga jirgi da ƙafarsa, ba wanda ya riƙe shi, wuyansa ya ciko. Na ga mijina a tsaye, na ce a raina ko yanzu aka kore ni daga garin nan na ci riba. Yana gaisawa da mutane yana murmushi, idonsa yana ta yawo cikin taro. Sai ya tambaya da ƙarfi, irin maganar wanda ba ya jin muryar kansa.

“Ina Bawa? Ba a gaya mishi yau nika dawowa ba?”

Maza suka sunkuyar da kai. Yaya Sahabi ya dube ni a gaban kowa ya ce, “Wadda ta iya magana ta gaya mishi.”

Kun san yadda ake faɗin mutuwa a wurinmu. A zaunar da mutum, a yi ta kewaye, a ce jiki ya yi tsanani, a ce sai haƙuri, har ya gane da kansa. Kurma ba a yi masa kewaye. Na matsa na kafa bakina a kunnensa na hagu, wanda ya ɗan rage, na ce Bawa ya rasu. Ya ce, “Iye?” Na ƙara murya. Ya ce, “Ya tahi ina?” Sai da na buɗe maƙogwaro na kwarma shi yadda ake kiran jirgi daga tsallake, har tsuntsaye suka tashi daga cikin ciyawar burgu. Ya zauna daɓas a kan yashi. Can ya ɗago ya dube ni, ni kaɗai.

“Kulu, da ina nan ina ba shi rabi, da bai mutu ba?”

Kowa ya zuba mini ido. Na san abin da suke so, in sunkuyar da kai in yi kuka, a ce ta amsa laifinta. Hawayen suna zuba kam, amma ban sunkuya ba. Na sake duƙawa a kunnensa, na faɗa da muryar da na tabbata ta kai har zauren Yaya Sahabi.

“Da kabari biyu anka gina!”

Har ya bar duniya bai taɓa ce mini na gode ba, bai kuma taɓa ce mini kin yi laifi ba. Ya dai miƙo mini hannu, ni na tashe shi daga kan yashin, ba yayansa ba.

Shekara tara ya ƙara a duniya bayan wannan rana. Ya koma ruwa, ya gyara rufin ɗakin nan da kuke kwana in kun zo, ya ɗaura wa Luba aure da bakinsa. An sa masa jikoki biyar a cinya. Bai ji kukan ko ɗaya ba, amma ya riƙe su, ya yi musu huɗuba da wannan babbar muryar tasa har suna firgita. Duk wanda ya ce na yi kuskure a Bagudo, ya zo har gida ya same ni, ya nuna mini wacce daga cikin shekarun nan tara zan mayar.